Hannun Jifan Birgi

Tungar Auwal, kusa da Wara
8 ga Janairu

Aikin farko yau: rubuta wa Yaya Balaraba kafin jirgin Surajo ya tashi.

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki, da yara, da kasuwar kifi a Yelwa. Matata Jamila na gaishe ki. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafina na kullum na yago takardar. Na san za ki ce ga waya, amma a tungar nan sai an hau tudu ake samun layi, kuma in da baki nake magana rabi nake mantawa.

Shekaranjiya na dawo daga asibitin da 'yarki Mansura ke aiki a Sakkwato. Bari in ɗauko daga farko don zance ya tafi a jere. Ƙarshen Oktoba birgina, ragar jifan nan tawa, ya maƙale a kututture ƙarƙashin ruwa, iska ta ja jirgi, igiyar kuma tana ɗaure a hannuna na hagu. Na fizga, sai na ji wani abu ya yage a kafaɗa kamar tsohon zane. Mako shida ina zuwa wurin mai ɗori yana murza ni da man kaɗe. Allah ya saka masa, shi da bakinsa ya ce, "Tanko, wannan ba ƙashi ba ne, ka tafi inda ake ganin ciki."

A asibiti sun tura ni cikin wata na'ura mai kama da rami, ta yi ta ƙara. Likitan ƙashi ya nuna mini hoton. Ya ce jijiyoyi huɗu ne ke riƙe kan ƙashin hannu a gurbinsa, yadda igiya ke riƙe jirgi a gaɓa. Nawa biyu sun tsinke daga jikin ƙashi, sun ja baya. Shi ya sa hannun ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji, kuma ba na iya kwanciya a kansa.

Ya yi mini tambayoyi, na rubuta su da amsoshina:

Shekaru? Arba'in da biyu.
Sigari? A'a.
Sana'a? Su, kuma ni ne sakataren ƙungiyar masunta ta tungarmu.
Da wane hannu kake aiki? Dama.

Ya dubi biron da nake rubutu da shi, ya ce to, da sauƙi. Ya ce aiki biyu ne a gabana. Babba shi ne a ɗinke jijiyoyin, amma sun riga sun yi nisa, jinyar doguwa ce, kuma ɗinkin kan iya sakewa. Ƙarami shi ne a huda ƙananan kafofi, a shiga da kyamara, a share abin da ya yage yake goga. Ciwo zai ragu, ƙarfi ba zai dawo ba, amma cikin 'yan makonni zan koma harkata. Ya ce, "Da hannun aikinka ne da ban ma ba ka zaɓi ba." Na zaɓi ƙaramin. An sa mini 12 ga Fabrairu.

A littafi na rubuta "na yi daidai", daga baya na ƙara alamar tambaya.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Tanko

*

Yelwa
11 ga Janairu

Tanko,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kasuwa an gode Allah, ka gai da Jamila. Gaisuwa ta ƙare.

Dama? Tun yaushe? Sau uku na karanta wurin nan, har kifin da na aza bisa banda ya kusa ƙonewa.

Ni fa na goye ka. Kai bahago ne tun kana rarrafe. Baba, Allah shi jiƙan shi, shi ya sa aka riƙa ɗaure maka hagu lokacin tuwo, malamin firamare kuma ya ƙarasa da bulala har ka iya rubutu da dama. Ci da dama, gaisuwa da dama, karɓar abu da dama, wannan duk daidai ne, ba wanda ya ce ka bari. Amma birgi? Daga Wara har Shanga wa bai san jifanka ba? Na kowa ta nan yake buɗewa, naka ta can, har ba mai son tsayawa gefenka cikin jirgi don tsoron dalmar birginka ta fasa mai baki. Filafili da hagu. Gatari da hagu. Ko kare ka tashi jifa, da hagu.

Sakatare! Ƙungiyar da ke zama sau biyu a shekara, ɗaya ma don rabon goro? Biro ke ciyar da ɗiyanka ko birgi?

Likitan nan ba surukinka ba ne balle ka ce kunya. Ka koma ka gaya mai gaskiya tun kafin ya taɓa wanga hannu. Batun ɗawainiya kuma kada ka ɓata takarda a kai, ni da maigida mun gama magana.

Yayarka, Balaraba

*

Tungar Auwal
15 ga Janairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na gode. Surajo ya ce da kike miƙa masa ita kamar za ki mare shi.

Duk abin da kika faɗa haka yake. Kwana uku ina neman dalilin da ya sa na ce dama, kuma ga abin da na samu. A ɗakin akwai ɗalibai huɗu masu fararen riguna tsaye bayan likita, mata biyu, maza biyu, kowa da littafi. Da ya yi tambayar ban yi tunani ba, baki ne ya amsa da kansa. Shekara talatin da wani abu duk wanda ya tambaye ni haka amsar ke nan, don in ka ce hagu sai a dubi hannunka, sannan a dubi kwanon da ake ci tare da kai. Da ya ce "da hannun aikinka ne", na buɗe baki in gyara, sai na ga duk sun riga sun rubuta. Ta yaya dattijo kamata zai ce a goge, ƙarya na yi?

Ba zan ɓoye miki ba, akwai na biyu. Da na ji "'yan makonni" raina ya kwanta da shi. Ruwa na cike yanzu, kowa na kamu, ni ina zaune gindin mangwaro ina gyara wa mutane kalli, ragar shimfiɗawa a ruwa.

Sai na yi wata dabara, na ce bari in koya wa dama jifa. Jiya da hantsi muka fita da Surajo. Na yi jifa goma sha ɗaya, na rubuta kowanne. Bakwai sun faɗa ruwa a dunƙule kamar ƙunshin wanki. Uku sun buɗe rabi. Ɗaya ya naɗe mini ƙafa, da Surajo bai riƙe wandona ba da na bi shi.

Ya ce, "Sakatare, rubuta: kifi sun gode."

Na ce masa farkon koyo ne. Ya ce, "Farkon koyo a shekara arba'in da biyu? Kai dai ka riƙe mana biro." Ya yi ta dariya, har ya ga ban yi ba, sai ya juya jirgi muka koma gida. Ko da dama ta iya, sai hagu ta ɗauki rabin birgin bisa kafaɗa, kuma jiya ko wannan ta kasa.

Ban san abin da zan yi ba. Wataƙila likita ya ce na ɓata masa lokaci, ya ba wani ranar. Wataƙila kuma lokacin ɗinkin ya riga ya wuce, in je in kunyata kaina a banza. Roƙona ɗaya, kada ki faɗa wa Mansura. A wurin take aiki, kada a ce kawunta ne.

Allah ya bar zumunci.
Tanko

*

Sakkwato
19 ga Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki, ya Inna Jamila da ƙannena. Mahaifiyata ta ce kada in ce ita ta faɗa mini, don haka ban ce ba.

Kawu, ka gafarce ni, ranar da ka zo ina ɗakin yara ban samu shiga tare da kai ba. Da ina nan da na yi tari lokacin da ka ce dama.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi masu aiki a sashen ƙashi ba tare da na ambaci sunanka ba. Tambayar hannu ba don a auna ladabin mutum ake yin ta ba. Da ita ake zaɓar aiki. Sharewar da aka sa maka ta dace da wanda ciwo ne kawai damuwarsa. Ba ta mayar da jijiya wurinta, kuma wanda aka yi wa ita da wuya ya sake wurga abu mai nauyi sama da kansa.

Ɗinki shi ne a kafa wasu ƙananan kusoshi masu zare a ƙashi, a jawo jijiyar a ɗaure ta inda ta tsinke. In ta ƙi kaiwa, sai a ɗinke iya abin da ya kai, a yi wa sauran faci. In wannan ma bai yiwu ba, akan ɗauko wata jijiya daga baya a juyo da ita ta yi aikin wadda ta lalace. Akwai kuma canza gaɓar gaba ɗaya da ta ƙarfe, amma galibi tsofaffi ake yi wa, kuma ba a son mai ita ya riƙa aikin ƙarfi. Wannan ba taka ba ce in Allah ya yarda.

Abin da ya sa na rubuto da sauri shi ne, jijiyar da ta tsinke ba ta jira. Kullum ƙara ja da baya take, naman da ke jan ta kuma yana zama kitse. Kusan wata uku sun riga sun tafi.

Zan iya zuwa in faɗa wa likita da kaina, amma ba ni za a yanka ba, kuma akwai abin da zai tambaya wanda kai kaɗai ka sani. Yana ganin marasa lafiya ranar 27. Na sa sunanka. Ka zo da birgin, Kawu. Mutumin bai taɓa riƙe shi ba, a ganinsa masunci ƙugiya yake jefawa ya zauna.

Ba wanda zai yi maka dariya. In ma an yi, ni zan fara, sai ka huce a kaina.

'Yarka, Mansura

*

Sakkwato
28 ga Janairu

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Daga ɗakin Mansura nake rubutu, gobe zan ba direban Yelwa.

Na je. Sau biyu na wanke birgin da omo, amma da na kwance buhu a ɗakin likita, wata ɗaliba ta matsa kusa da taga. A mota na shirya jawabi mai sassa uku. Da na zauna duk ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Likita, ni bahago ne."

Ya ajiye biro. Ya ce, "Amma da dama na ga kana rubutu."

Na ce, "Da dama nake rubutu, da ita nake ci. Da hagu nake neman abin da zan ci."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ya taso ya ce in ba shi birgin. Ya ɗaga da hannu ɗaya, sai ya sa na biyu. Ya ce, "Wannan duk dalma ce?" Na ce ai a bushe yake, in ya sha ruwa ya fi haka. Ya ce sau nawa nake jifa a rana? Na buɗe littafin bara na nuna masa, ranar da kamu ya yi kyau tsakanin sittin da tamanin. Ya dubi ɗalibansa, ya ce in nuna yadda ake yi. Na tsaya tsakiyar ɗaki, na nuna inda ake aza shi a kafaɗa, da yadda ake murɗa ƙugu, da inda hannu ke wucewa sama da kai kafin a saki. Hannun bai kai ba, a ƙirji ya tsaya. Nan ne idona ya cika, Yaya, ba wurin faɗar gaskiyar ba.

Ya ce da ɗaliban, "Ku rubuta. A ƙasar nan kada ku tsaya a tambayar hannun aiki. Ku ce, da wane hannu kake jifa?" Suka rubuta. Wannan karon ban ji kunya ba.

Sannan ya zaunar da ni ya sake buɗe hoton. Ya ce naman bai gama lalacewa ba, akwai abin kamawa. Zai gwada ɗinki. Jijiya ɗaya yana sa ran za ta kai, ɗayar sai ya shiga ya gani, in ta ƙi zai sa faci. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, irin wannan yagewar takan sake ko an yi komai daidai, in haka ta faru sai a yi maganar jijiyar baya. Mako shida hannu na rataye, ko buta ba zan ɗauka da shi ba. Bayan nan gashin ƙashi na watanni. Birgi kuwa kada in ko dube shi kafin wata tara, wataƙila shekara.

Na ce, "In na yi duk wannan zan yi jifa?"

Ya ce, "In ka yi ƙaramin, na san ba za ka yi ba. In ka yi wannan, ban sani ba. Wanne ka fi so?"

Na ce ina son ban sani ba. Na sa hannu a takarda. Ranar tana nan, 12 ga wata, aikin ne kawai ya canza. Shekara guda ba kamu abu ne mai nauyi, kuma tun jiya nake juya shi. Na kira Jamila, na dace tana kan tudu, ta ce in bar juyawa, gonar shinkafa tana nan kuma ba da kafaɗata ake shuka ba.

Ki sa ni a addu'a.
Tanko

*

Yelwa
6 ga Fabrairu

Tanko,

Salamu alaikum. Madalla. Da na san birgi ke buɗe maka baki da tuni na ce ka riƙa yawo da shi.

Zan zo ranar 11 in kwana wurin Mansura. Kada ka ce ba sai na zo ba, na riga na bar wa maƙwabciyata Asibi rumfa.

Akwai maganar da in na gan ka ba zan iya ba, gara in rubuta. Na ce maka Baba ya sa aka riƙa ɗaure maka hannu. Ban ce wa ke ɗaurewa ba, kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Ni ce. Da gefen tsohon zanen Inna nike yi, in ɗaure shi ga ƙugunka, kana kuka kana zubar da miya, ni ina dariya. Shekarata tara, an ce in yi, na yi. Amma dariyar ba wanda ya sa ni. Da na karanta cewa bakinka ya amsa da kansa, na san wa ya koya mai. Ka yafe mini.

In sun rataye maka hannun mako shida, ni zan riƙa gyara maka majanyin. Na iya, ka sani.

Balaraba

*

Tungar Auwal
20 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa. Na faɗa miki a asibiti, ina sake faɗa a rubuce don ya zauna: na yafe, duniya da lahira.

Jiya na dawo daga duba na wata uku. Kin ji da kunnenki ranar aikin cewa ɗaya ta kai, ɗayar sai da faci. Likita ya juya hannun, ya sa na tura nasa, ya duba da na'ura. Ya ce har yanzu ɗinkin na riƙe. Na ce a maimaita, ya maimaita, na rubuta. Ya ce kada in yi murna da yawa kuma kada in ɗauki komai da ya wuce kofi. Murnar ta fi ƙarfina, kofin dai na kiyaye.

Mai gashin ƙashi ta ba ni sabon aiki: in fuskanci bango, in riƙa hawa da yatsun hagu a hankali har inda zafi ya ce tsaya. Bangon masallacin tungarmu ba a yi masa shafe ba, ana ganin layin bulo. Na auna da dama, inda hannu ke sakin birgi layi na tara ne. Da na fara ina na shida. Yau na taɓa bakin na bakwai, Surajo ya ce ɗaga dunduniya na yi. Ban ɗaga ba. Ina jin ban ɗaga ba.

Jirgi zai tashi, ga abin da ya rage na gobe:

1. Kai wa Jabiru kallinsa, saura ido ashirin a gyara.
2. Duba ruwa a gonar shinkafa, Jamila ta riƙe fartanya.
3. Kiran Mansura daga tudu.
4. Bango, safe da yamma, sau goma-goma. A sa Surajo ya taka mini ƙafa.
5. Layi na bakwai, duka yatsu huɗu.

Ƙaninki, Tanko